Sabon Jirgi da Sababbin Matuƙa: Tafiyarmu a Gulbin Rima

Idan ke 'yar birni ce, ruwan da kika sani shi ne na famfo da na 'yan garuwa, to gyara zama in kai ki gabashin Sakkwato, ƙasar da aka haife ni, inda gulbi shi ne hanyar kasuwa da ta asibiti ga ƙauyuka da yawa. Idan kuwa ke 'yar bakin gulbi ce, abin da zan faɗa kin san shi, wataƙila ma ki yi mini dariya, kuma na yarda ki yi. Labarin wata tafiya ce da muka yi shekara biyu da suka wuce, a ƙarshen kaka, ni da ƙanena da abokinsa da ɗana mai shekara bakwai, cikin sabon jirgi mai inji, alhali babu ko ɗaya a cikinmu da ya taɓa tuƙa jirgi. Mu huɗu muka fita, mu huɗu muka dawo, amma saura ƙiris mu dawo mu uku.

Yadda jirgin ya samu

Ƙanena manomin albasa ne a Goronyo, da damina kuma ya yi kabu-kabu da babur. Shekara biyu yana ajiye albasa a rudu har ta yi tsada sannan ya sayar, ya haɗa da kuɗin babur ɗinsa, ya sa kafinta ya haɗa masa jirgin katako, ya sayo inji sabo dal a kwalinsa. Lissafinsa ba na banza ba ne. Da damina idan fadama ta cika, mutanen ƙauyukan ƙetare ba su da hanyar zuwa kasuwar Goronyo ran Lahadi sai ta ruwa, kuma tun da matsalar 'yan bindiga ta addabi yankin, akwai masu gwammace ruwa a kan wasu hanyoyin mota. Fasinja akwai. Abin da babu shi ne iya tuƙi.

Da na yi masa maganar, sai ya ce, “Yaya, wanda ya iya babur cikin yashin Goronyo, mi na na jirgi gare shi? Ga totur, ga abin juyawa. Ko birki babu, balle ya wahal da mutum.”

Na ce masa rashin birkin ne ai abin tsoro. Ya yi dariya.

Ya shirya cewa kafin ya fara ɗaukar fasinja, sai 'yan gida sun buɗe jirgin da doguwar tafiya: rana ta farko a zaga ruwan madatsa, rana ta biyu a gangara gulbi zuwa Wurno wurin Gwaggo, rana ta uku a zarce Rabah. Abokinsa mai gyaran waya shi ne zai zama mataimaki. Inna ta ce ƙafarta ba za ta taka ba, ta kuma dube ni ta ce, “Ke da kinka yi karatun asibiti ma? In kin matsa ki tai ke ɗai, ki bar man maigidana nan.” Jikanta take nufi. Yaron kuwa ya kwana biyu yana kuka sai ya je, ni kuma hutuna ke nan na farko cikin watanni, ina son in faranta masa. Na tafi da shi. Wannan kuskurena ne, ba na ɗora shi a kan kowa.

Abu ɗaya na yi daidai: na sa aka nemo mini rigunan kariya guda huɗu daga Sakkwato, ɗaya ƙarama daidai yaro. A bakin ruwa matasa suka yi ta yi mana shaƙiyanci, wai 'yan ƙwallo sun iso. Ni da ɗana muka sa namu. Ƙanena da abokinsa suka mayar da nasu matashin zama.

Tsohon da ya karanta mu

Muna shirin tura jirgi sai ga wani dattijo Basarke yana gyaran raga a gindin bishiya. Ya taso ya zaga jirgin, ya ƙwanƙwasa katakon da yatsa, ya ce aikin ya yi kyau, Allah shi sa albarka. Sannan ya fara tambaya. Ina filafili? Ina gwangwalar tuƙi? Ina abin kwalfe ruwa? Ina igiya? Ƙanena ya ce inji sabo ne, filafili ai na masu kwale-kwale ne. Tsohon bai yi musu ba. Ya tambayi ina muka nufa, aka nuna masa taswira a waya, ya saurara har aka zo kan Rabah, sai ya girgiza kai.

“Ɗana, Rabah ba ta bisa gulbin ga. Gulbinta daban.”

Gaskiyarsa. Gulbin Rima, wanda ya ratsa Goronyo da Wurno, haɗakar ruwaye ne daga gabas: Gulbin Maradi da ya taso daga ƙasar Katsina ya shiga Nijar ya sake dawowa ta wajen Sabon Birni, da Bunsuru da Gagare daga ƙasar Zamfara. Rabah kuwa tana bakin Gulbin Sakkwato ne, wanda ya biyo ta Gusau da madatsar Bakolori. Gulaben biyu ba sa haɗuwa sai kusa da birnin Sakkwato, daga nan ruwan ya wuce Argungu da Birnin Kebbi har ya faɗa Kwara. Wato mai son zuwa Rabah daga Wurno ta ruwa sai ya gangara har Sakkwato, sannan ya juyo ya yi ta hawan wani gulbin yana faɗa da ruwa. A waya shuɗin layi ne kawai, ba ya gaya maka inda ruwa ya nufa.

Tsohon ya ƙara da cewa mu dawo kafin azahar, don iska tana tashi. Muka ce to, muka yi masa godiya irin ta wanda bai ji ba.

Ruwan Goronyo

Idan ba ki taɓa ganin madatsar Goronyo ba, ki ƙaddara wani bango na ƙasa mai tsawon kilomita 12 da rabi, tsayinsa kimanin mita 21, ya tare gulbi a gabas da garin. An kammala ginin a 1984, aka ƙaddamar da shi a 1992, kuma Hukumar Raya Kogunan Sakkwato da Rima ce ke kula da shi. Idan ya cika yana ɗaukar ruwa kubik mita miliyan 942. Daga nan ake sakin ruwan da ke isa matatun birnin Sakkwato da rani, da shi kuma dubban manoma ke ban-ruwa. Mun ga fuskokinsa biyu. A watan Satumba na 2010 ruwa ya yi yawa, ambaliya ta cinye gidaje da gonaki tun daga Goronyo har Sakkwato, ta yanke hanyar Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo. A 2018 kuma ya janye har saura kusan kashi ɗaya cikin goma, hankalin hukuma da na manoma ya tashi.

Ranar da muka shiga, ruwan a cike yake, a kwance kamar tabarma. Inji ya tashi da ja ɗaya. Mintin farko ƙanena ya murɗa totur da ƙarfi, gaban jirgi ya ɗaga, muka yi kabbara ba shiri, sannan ya gane cewa idan ka tura hannun inji dama jirgi hagu yake yi. Bayan haka, wallahi tafiya ta yi daɗi. Balbelu fari fat a kan busassun itatuwan da ruwa ya cinye, masunta cikin ƙananan kwale-kwale suna ɗaga mana hannu, wani yana zuba tarwaɗa da karfasa cikin kwando. Ɗana ya ce, “Umma, wannan shi ne teku?” Na ce ƙanensa ne. Muka buɗe kula muka ci dambu da soyayyen kifi. Muka yi nisa har gaɓar da muka baro ta koma siririn layi. Babu wanda ya duba agogo.

Minti goma

Iskar ta zo kamar yadda aka faɗa mana, bayan azahar, daga gabas, busasshiya irin ta shigowar hunturu. Ruwan da yake kwance ya fara tudu da kwari. Ƙanena ya juya don mu koma, ya ƙara wuta, bai lura da jerin 'yan robobi da ke yawo a saman ruwa ba, waɗanda duk ɗan bakin gulbi ya san alamar raga ce. Muka ji inji ya yi gurnani, ya shaƙe, ya mutu. Farfela ta naɗe raga.

Jirgin da ba shi da inji ba shi da filafili, iska ce matuƙinsa. Nan take ta juya mu muka ba igiyar ruwa gefe, kowace ta zo sai ta watso mana rabonmu a ciki. Na juye sauran dambun na fara kwalfe ruwa da kular. Na zaunar da ɗana a ƙasan jirgi tsakanin ƙafafuna. Ƙanena yana ta jan igiyar inji, inji ya ƙi. Sai abokinsa ya miƙe tsaye, ya ce bari ya warware ragar, ya leƙa ta baya ya miƙa hannu cikin ruwa. Ina buɗe baki in ce ya zauna, igiyar ruwa ta ɗaga mu ta sake mu, sai ganin ƙafafunsa na yi.

Uwargida, ki riƙe wannan: mai nutsewa ba ya ihu. A fim ne yake ɗaga hannu yana kiran a taimake shi. Wannan bawan Allah ya ɓullo, baki a buɗe, ido a waje, hannuwa suna dukan ruwa a gefensa, bai ce uffan ba, ya sake komawa. Iskar da zai yi ihu da ita, ita yake nema. Ƙanena ya yunƙura zai faɗa bayansa, shi ma bai iya iyo ba. Na damƙe rigarsa na daka masa tsawar da ban taɓa yi masa ba tun yana yaro. Na san abin da ke biyo baya: mai nutsewa yana ƙanƙame duk wanda ya zo kusa, a rasa biyu maimakon ɗaya.

Akwai jarka mai lita 25 da muka juye man cikinta a tanki, murfinta a ɗaure. Ita na jefa. Ta faɗi kusa da shi, da ya sake ɓullowa hannunsa ya same ta, ya rungume ta kamar uwarsa. Iska tana ta raba mu da shi. Na cire mayafina, ƙanena ya ɗaura shi a kan sandar rumfa yana kaɗawa, muna kururuwa.

Masunta biyu ne suka iso, a cikin kwale-kwalen da bai kai rabin namu ba. Ba su faɗa ruwa ba. Suka zagayo ta bayansa, ɗaya ya kama wuyan rigarsa, suka jawo shi ta ƙarshen kwale-kwalen, ba ta gefe ba, don kada ya kifar da su. Sannan suka yanke ragar da wuƙa, suka ɗaura mana igiya. Duk abin bai wuce minti goma ba. Kafin mu isa gaɓa la'asar ta yi sanyi, kuma a yankinmu yanzu babu mai son magariba ta same shi a bayan gari.

Tsohon yana nan gindin bishiyarsa. Bai ce “na gaya muku” ba. Ya dubi yaron da rigarsa, ya dube ni, ya ce, “Ɗiyata, rigag ga ta yi. Amma gobe ki bar shi gida.”

Abokin ƙanena yana numfashi, yana magana, yana cewa lafiyarsa lau. Ban yarda ba. Na cire masa jiƙaƙƙun kaya, na lulluɓe shi, muka kai shi asibiti, don ruwan da ya shiga huhu yana iya nuna kansa bayan sa'o'i. Da dare tari da zazzaɓi suka taso, ya kwana biyu a gado. Mai ragar kuma ya zo da ƙorafinsa, kuma da gaskiyarsa, don abincin gidansa muka yanka. A gaban sarkin ruwa aka sasanta, ƙanena ya biya.

Gangarawa Wurno

Na ɗauka tafiya ta ƙare ke nan. Amma bayan kwana uku ƙanena ya je ya durƙusa gaban tsohon, ya roƙi ya ba shi ɗansa ya raka mu. Aka ɗora jirgin a mota aka sauke shi a ƙasan madatsa, don jirgi ba ya tsallake bango. Wannan karon akwai filafili biyu, da gwangwala, da igiya, da bokiti, kowa da rigarsa a jiki. Ɗana yana gida wurin Inna, ya yi fushi da ni na yini guda.

Saurayin da ya tuƙa mu bai kai shekara ashirin ba, bai gama firamare ba, amma yana karanta ruwa kamar allo. Shi ya nuna mana cewa a kowace kwana, ruwa mai zurfi yana gefen waje inda gaɓa ta tsaya a tsaye, gefen ciki kuwa yashi ne. Inda fuskar ruwa ta yi ƙananan tamoji, tudun yashi ne a ƙasa. Inda ta yi wani ɗan kumburi tana juyawa, kututture ne a ɓoye. Ya ce hanyar bara ba ta bana ba ce, kowace damina gulbi yana sake shimfiɗarsa. Ya ba ƙanena tuƙi sau uku, sau biyu muna hawa yashi, maza suka sauka suka tura.

Gulbi ya fi madatsa hira. Can ruwa ne da sama kawai, nan kuwa kowace kwana da mutanenta. Mata suna wanki da wanke-wanke, injinan ban-ruwa suna ta tuf-tuf a gaɓa, manoma sun duƙa suna dashen albasa da tafarnuwa, wasu suna bugun shinkafa ƙura na tashi. Mun kashe inji mun jira garken shanu ya ƙetare, Bafillatani yana gaba riƙe da sandarsa a sama, ruwa har ƙirji. Mun wuce wani mashigi inda na ƙirga mutum goma sha tara da babur biyu da buhuna a cikin kwale-kwale ɗaya, tsakanin bakinsa da ruwa bai kai faɗin tafin hannu ba. Mata biyu a ciki da goyo.

Yara kuwa ko'ina suna iyo tsirara suna bin mu da ihu. Suna ba ni sha'awa, suna kuma tuna mini da waɗanda ake kawo mana da fitsarin jini. Tsargiya ke nan. Ƙwayar cutar tana girma a jikin ƙananan katantanwa na ruwan daɗi, ta fito ta huda fatar mai wanka ko wanki. Har yanzu akwai masu ɗaukar jinin a matsayin alamar balagar ɗa namiji. Ba haka ba ne. Cuta ce mai cin mafitsara a hankali, tana rage jini, a jikin 'ya mace kuma tana iya taɓa mahaifa. Maganinta praziquantel, ana ba da shi gwargwadon nauyi ko tsayin yaro. Idan kin ga jini a ƙarshen fitsarin ɗanki, asibiti za ki nufa.

Garin Bello

Daga ruwa, Wurno a sama take, a kan tudu, tana kallon fadamarta. Da kin gan ta daga nan za ki gane dalilin da ya sa Sarkin Musulmi Muhammadu Bello, ɗan Shehu Usmanu, ya zaɓi wurin ya kafa ribaɗi: mai tsaye a tudun yana hango duk mai tahowa, ga ruwa, ga ƙasar noma. A nan ya zauna a ƙarshen rayuwarsa, a nan ya rasu a 1837, a nan hubbarensa yake. 'Yar'uwarsa Nana Asma'u ta yi masa marsiyya. Ɗansa Aliyu Babba, wanda ya yi sarauta daga 1842 zuwa 1859, shi ma ya riƙa zama a Wurno, kuma a zamaninsa ne Baturen nan ɗan Jamus, Heinrich Barth, da ake kira Abdulkarim, ya sauka garin a 1853.

Washegari da safe Gwaggo ta raka ni ziyara hubbaren. Mata tsofaffi a zaune a inuwa suna jan carbi, wasu daga nesa suka zo. Na yi addu'a ga Bello, na yi wa masuntan nan biyu da ban ma tambayi sunansu ba. Da muka dawo gida ta tuƙa tuwon shinkafar Wurno da miyar kifi, ta sa na ba ta labari tun daga farko. Da na zo kan jarka sai ta ajiye mara, ta ce, “Da yaron fa ya faɗa?” Na ce yana da riga. Ta ce, “Ke kuma da kin zauna cikin jirgi kina kallo nai?” Ban amsa ba. Ni ma ban iya iyo ba, kuma na san da na bi shi.

Rabah ta mota

Rabah a mota muka je, da hantsi, muka juyo kafin la'asar. Gari ne marar hayaniya a bakin gulbinsa. A nan aka haifi Sir Ahmadu Bello, ɗan Sarkin Rabah Ibrahim, jikan Sarkin Musulmi Abubakar Atiku na Rabah, wanda shi kuma ɗan Muhammadu Bello ne. Kin ga ashe Wurno da Rabah jini ya haɗa su ko da ruwa bai haɗa ba. A 1934 aka naɗa shi hakimin Rabah, a 1938 ya zama Sardaunan Sakkwato, a 1954 Firimiyan Jihar Arewa, har aka kashe shi a Kaduna ranar 15 ga Janairu, 1966.

Muka gangara bakin gulbi. Ruwan ya riga ya fara janyewa, yashi ya fito fari a tsakiya, yara suna ƙetarewa da ƙafa a wasu wuraren. Ƙanena ya daɗe yana kallo, sannan ya ce, “Nan na so in kawo jirgi.” Ɗan Basarken ya yi dariya har da riƙe ciki.

Abin da nake roƙonki

Na daɗe ban rubuta wannan ba, don kunya. Abin da ya sa na ɗauki alƙalami shi ne ranar Lahadi 17 ga Agusta, 2025, da jirgi ɗauke da mutum sama da 50 ya kife a kan hanyarsa ta zuwa kasuwar Goronyo. Ba shi ne farau ba. A watan Mayu na 2023 yara mata da suka fita neman itace sun nutse a ƙaramar hukumar Shagari. A ƙarshen Nuwamba na 2021 jirgi ya kife a Bagwai ta jihar Kano da ɗaliban Islamiyya. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa nutsewa tana kashe kimanin mutum 300,000 a shekara, kusan kashi ɗaya cikin huɗu yara ne 'yan ƙasa da shekara biyar. Hukumar kula da hanyoyin ruwa ta ƙasa, NIWA, ta hana tafiyar dare da lodin da ya wuce kima, ta wajabta rigar kariya. Amma a mashigin ƙauye babu jami'i. Ke ce a wurin.

Kafin ki shiga, dubi gefen jirgin. Idan ruwa ya kusa bakinsa, ki jira na gaba ko da kasuwa za ta watse. Ki dubi ko akwai filafili da abin kwalfe ruwa, ki tambayi ko matuƙin ɗan wannan ruwan ne. Kada ki shiga da magariba, ko hadari ya haɗo.

Rigar kariya ki sa ta a kan hijabi, ki ɗaure, ki tattare lafin hijabin nesa da inji. Ta yaro ta zama daidai shi: ki kama kafaɗun rigar ki ɗaga, idan ta zame ta wuce kunnuwansa ta yi masa yawa. Goyo ki sauke shi ki riƙe a gaba, don rigar tana juya mai ita fuska sama, na bayanki kuwa sai ya koma ƙasa. Inda babu riga, ki shiga da jarka marar komai mai murfi ɗaure, ki ajiye ta kusa da hannunki. A cikin jirgi kowa ya zauna, kuma kada a ruga gefe ɗaya.

Idan wani ya faɗa, ki miƙa masa sanda ko ki jefa masa abin da ke yawo a ruwa, kada ki bi shi sai in kin ƙware. Idan an fito da shi ba ya numfashi, kada a ɗaga shi ƙafa sama, kada a danna cikinsa wai a fitar da ruwa, ɓata lokaci ne kuma yana jawo amai ya shiga huhu. A kwantar da shi rigingine a ƙasa mai tauri, a ɗaga haɓarsa, a toshe hancinsa, a hura masa iska a baki sau biyar ana ganin ƙirji yana tashi. Sannan a danna tsakiyar ƙirji da ƙarfi da sauri sau 30, a hura sau biyu, a yi ta maimaitawa har ya farfaɗo ko taimako ya iso. Idan yana numfashi, a kwantar da shi a gefe, a lulluɓe shi, a kai shi asibiti ko da ya ce ya warke.

Ƙanena ya yi damina guda cur yana yaron jirgi a cikin jirginsa, yana kwalfe ruwa yana karɓar kuɗi, ɗan Basarken yana tuƙi, suna raba abin da aka samu. Yanzu shi ke tuƙawa. Ya ja jan layi da fenti a gefen jirgin, idan ruwa ya taɓa layin ba ya ƙara ko kaza. Fasinjoji suna zaginsa a kan haka, wasu suna komawa jirgin da ba ya ƙin kowa, kuma ranar kasuwa abin da yake samu bai kai na abokan sana'arsa ba. Riguna goma sha biyu gare shi, ba su isa kowa ba, mata da yara yake fara ba. Abokinsa ya koma shagon gyaran waya, ya ce shi da ruwa sai a kofi.

Ɗana kuwa har yau yana tambaya yaushe za a kai shi Wurno ta gulbi. Na yi masa alkawari sai ya iya iyo. Na yi wa kaina irin wannan alkawarin, amma har yanzu ban sami inda mace mai shekaruna za ta koya a cikin sutura ba. Idan akwai wadda ta san irin wannan wuri a Sakkwato, don Allah ta sanar da ni.